Guntun Icen Da Na Buga A Motar Agali

A Doso aka raba ni da akwatin sifanuna, kwana biyu kacal da barina Yelwan Yauri. Wani mutum ne mai farar riga da carbi a hannu, ya ji ina tambayar motar Agadas a tasha, ya matso ya ce ai shi ma can ya nufa, kuma wansa yana da gareji, makanikai suke nema ido rufe. Ya saya mini kunu, ya tambayi lafiyar Inna kamar ya san ta. Da na tashi zan zagaya ya ce in bar kayan, zai duba mini. To, ya duba kam. Na dawo na tarar da benci, da jakar tufafina, da sandata jingine da bango. Sandar ce dai bai ga abin da zai yi da ita ba.

Sunana Tanko. Bakanike ne ni, amma na ƙarƙashin mota. Ba ruwana da inji. Aikina daga giyabos yake farawa, ya bi firofela, wato doguwar sandar ƙarfen nan da ke kai juyi baya, ya ƙare a aksil inda tayoyi suke. Shekara tara na yi a hannun Baba Gado a bayan tashar kifi ta Yelwa, muna fama da motocin da ke ɗauko kifi daga Wara da masu kwaso shinkafa daga fadamun Shanga. Shi ya yanko mini sandar nan daga icen giyayya a bakin ruwa. Ka dafa bakinta ɗaya a jikin aksil, ka kafa ɗayan a kunnenka, sai ƙarfe ya gaya maka abin da ke damunsa. Da garejin ya cika da mu har muna rigegeniya a kan mota ɗaya, aka ce mini can arewa hamada cin aksil take yi, ana neman irina. Shi ne na fito.

A Tawa na yi wata biyu wurin wani mai gareji, wanda ba zan faɗi sunansa ba don ba shi da daɗin faɗi. Sana'arsa ita ce ya wanke tsohon boris, wato zoben ƙarfen nan mai ƙwallaye da sanda ke juyawa a cikinsa, da fetur, ya goge shi tas, ya sa a sabon kwali ya sayar wa direba. Ni ne mai wankewar. Kullum in na ga mota ta fita da irin boris ɗin nan sai in wuni ina tunanin inda za ta mutu. Ran da na samu abin da zai saya mini sifana uku da guduma, na ɗauki sandata ko sallama ban yi masa ba.

Agadas kuwa ta karɓe ni da zafi. Wani tsohon bakanike, Baba Illa, shi ya ɗauke ni, ba don ya yarda da ni ba, sai don bayansa ya daina barinsa ya shiga ƙarƙashin mota. Mutum ne mai faɗa, amma ba ya cuta. A garejin nan nake kwana, a nan nake tashi. Ban san akwai garin da za ka wuni ba ka ji ƙarnin kifi ba sai da na je can. Duk Juma'a nakan kira Inna, kuma tambayarta ɗaya ce: "Tanko, kana samun kihi can?" In ce ina samu. Ƙarya nake, taliya ce da gurasa har na tsani ganinsu.

A nan na san Malam Agali. Ba'abzine ne dogo, direban babbar mota mai taya goma, yana ɗaukar kaya da mutane zuwa Dirku ya dawo. In yana gari, a inuwar garejinmu yake dafa shayi. Sauran direbobi ko kallona ba sa yi, baƙo ne ni kuma ɗan Nijeriya, amma shi duk ran da ya dafa sai ya miƙo mini ƙaramin kofi ta ƙarƙashin mota yana cewa, "Ɗan Yauri, fito da hannunka ɗaya." Wata rana ya ji ina yi wa Inna ƙaryar kifi. Bayan mako biyu sai ga shi da ƙunshi a takardar siminti, bandar tarwaɗa guda huɗu, ya samo wurin wani ɗan kasuwa daga Difa. Na je bayan gareji na ci ina hawaye, wallahi ba na jin kunyar faɗi.

Ba ni da abin saka masa sai abin da na iya. Na koya masa abin da Baba Gado ya koya mini: duk tsayawar da ya yi a hanya, ya zagaya ya taɓa tukunyar aksil, wato ƙullin nan na tsakiya inda haƙora suke juyawa cikin mai. In zafin kofin shayi ne, ya ci gaba. In ya wuce haka, ya kashe mota ko da mutane suna zaginsa. Ya yi dariya ya ce shekara ashirin yana tuƙi ba wanda ya taɓa aika shi gaida aksil.

Wata shida da zuwana ya kawo motar tana kuka. In ya taka sai ta yi ta gurnani daga baya, in ya saki ƙafa sai ka ji ƙwas kamar an buga guduma. Gareji biyu ya je kafin namu, duka sun ce giyabos ne, a sauke. Sauke giyabos kuwa aikin mako ne, ga ayarin motocin da yake tafiya da su za su tashi ran Litinin.

Na ce a ɗaga mini ita. Aka ɗaga tayoyin baya, Agali ya hau ya sa giya, ni kuma na kwanta da sandata. Na dafa giyabos, lafiya lau yake magana. Na dafa aksil na gaba, shiru. Da na dafa na can baya sai na ji ƙara kamar ana niƙa tsakuwa a turmi. Aka kashe mota, na kama firofela na girgiza, kuros ɗin da ke haɗa ta yana wasa har ana gani da ido. Na buɗe ƙusar ƙasa na tari man giya a tafi, na murza tsakanin yatsu, na kai rana. Ga garin ƙarfe nan yana ƙyalli.

Na ce, "Malam Agali, giyabos ɗinka ya fi ni lafiya. Boris ɗin da ke bakin aksil na baya ne ya cinye, da kuros. Kwana biyu ne."

Baba Illa ya karɓi sandar ya saurara da kansa, ya miƙo mini ita bai ce uffan ba. A wurinsa wannan yabo ne.

Ba mu gama ba sai Litinin da la'asar, don sai da muka zaga gari kafin mu samu boris na gaskiya, ni kuma na san na ƙarya tun daga Tawa. Ayari ya riga ya tashi da safe, har da ƙanen Agali wanda ya tafi da wayar nan tasu mai kamawa a hamada. Agali ya ce ba komai, motarsa ta fi nasu gudu yanzu, zai tashi Talata ya cim masu a hanya.

To, ga inda na yi abin da na yi.

A saman kowane aksil akwai wani ɗan rami mai murfi, mu muna ce masa hanci. Mu a Yelwa ba ma barinsa a buɗe. Motocinmu da baya suke shiga ruwa su ɗauki kwandunan kifi daga bakin kwale-kwale, in aksil ya sha ruwa ta ramin nan sai man giya ya koma fari kamar nono, cikin wata ɗaya haƙora su lalace. Don haka duk motar da ta fita daga hannun Baba Gado, aikin ƙarshe shi ne a cire murfin, a fiƙe ɗan ice a buga a ramin. Alamar an gama aiki da kyau ke nan. Ban taɓa tambayar dalilin da ya sa masu ƙera mota suka bar ramin ba. Ina ce sakaci ne irin na mutanen da ba su san ruwa ba.

Motar Agali ce babban aikin aksil na farko da na ƙarasa a Agadas. Ran nan na duba garejin ban ga icen da ya kwanta mini ba. Sai na ɗauki wuƙa na yanki bakin sandata, tsawon ɗan yatsa, na fiƙe shi, na buga a hancin aksil ɗin Agali har sai da ya zauna daram. Don ƙauna na yi. Na ce a raina, ga tukuicin kifi.

Talata da hantsi ya tashi, kaya har sama, mutane wajen talatin a kan kayan, mata da maza, jarkokin ruwansu rataye a gefe. Ya leƙo ta taga ya ce, "Ɗan Yauri, ta daina kuka!" Na ɗaga masa hannu ina jin kaina wani babba.

Ran Alhamis da safe ina gama wata ƙaramar mota mai ja da ƙafa huɗu, na fiƙe wani ice ina bugawa, sai na ji sandar Baba Illa a ƙafata.

"Kai, mi kake yi nan?"

Na ce ina toshe hanci ne, kada ruwa ya shiga.

"Ruwa? Wane ruwa? Tun da ka zo garin ga ka ga ruwan da ya kai idon sawu?" Ya durƙusa da ƙyar ya fizge icen ya jefar. "Wa ya koya maka wanga hauka? Ramin ga numfashi ne! Mota ta wuni tana jan kaya cikin rairayi, mai ya tafasa, iska ta kumbura ta rasa mafita, ina za ta bi? Sai ta fasa robar bakin aksil ta tura mai waje. In mai ya ƙare haƙora su narke. Ku can tafiyar awa ɗaya kuke yi ku tsoma mota cikin gulbi ta huce, shi ya sa ba ku taɓa gani ba. Mota nawa ka yi wa haka?"

Na ce, "Wannan ce ta fari."

Haka bakina ya faɗa, ban ma san lokacin da ya faɗa ba. Ya yi tsaki ya koma kujerarsa. Ni kuwa na zauna a ƙarƙashin motar nan ina tunanin motar Agali. Na san hanyar ko da ban taɓa binta ba, don kullum labarinta ake yi a garejin. In ka bar rijiyar ƙarshe sai rairayi. Ba ayarin da zai sake bi sai wata Litinin. Ruwan da suka ɗauka na kwana huɗu ne.

Daga hantsi har azahar ina nan ina yi wa kaina ƙarya. Wataƙila icen ya faɗi da girgizar hanya. Wataƙila ya riga ya cim ma ayari. In na faɗa, wa nake da shi a garin nan? Baƙon da ba takarda, wanda ya kashe motar ɗan gari. Duka ne mafi sauƙin abin da zai same ni. Har na fara lissafin motar Tawa da ke tashi da yamma. Awa huɗu na ɓata haka, kuma har in mutu ba zan daina jin nauyinsu ba.

Da aka kira azahar na ɗauki buta. Na zuba ruwa a hannu, ina kallonsa yana zuba a ƙasa yana ɓacewa, sai na kasa ci gaba. Na ajiye butar na je na durƙusa gaban tsohon.

"Baba, ƙarya na yi maka. Na buga wa Malam Agali."

Bai zage ni ba, kuma na fi son da ya zage ni. Ya dube ni ya ce, "Innalillahi," ya miƙe tsaye kamar bayansa bai taɓa ciwo ba. Aka samu ƙanen Agali a waya, ya ce su kam suna gaba, ba su ga ko ƙurarsa ba, suna ce ya fasa tahowa ne. Kafin la'asar Baba Illa ya shawo kan mai ƙaramar motar nan da na gyara, muka loda duro biyu na ruwa, man giya, sabon boris, robar bakin aksil, da murfin hancin da na cire, wanda na tsinto a cikin tarkacen da na share. Tsohon ya ce da shi za a je. Na ce bayansa fa? Ya ce in rufe masa baki.

Ban taɓa ganin wuri irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake. Ba ice, ba tsuntsu, sawun tayoyi ne birjik sun watsu ko'ina, kowa da inda ya bi. Direbanmu ya san hanya, amma bai san wadda Agali ya zaɓa ba. Duk Juma'a muka wuni muna bin wannan sawu mu dawo mu bi wancan. Ba mai yi mini magana. In an miƙo mini ruwa sai in kurɓa kaɗan in mayar.

Asabar da hantsi na hango wani ɗigo baƙi a tsakanin sawun taya. Na buga rufin mota aka tsaya. Na diro na ɗebi rairayin na shinshina. Man giya ne, warinsa ba ya ɓuya, kuma sabo, irin wanda na zuba da hannuna. Muka bi. Ɗigo nan, ɗigo can, sai suka fara matsowa kusa da juna, sai suka zama layi baƙi ba yankewa. Muka yi tafiya mai nisa a kan layin nan. Can sai ya fara sirancewa, ya koma ɗigo, ya ɓace. Sawun tayar kuwa ya ci gaba.

Direban ya ce, "To, ya daina yoyo ke nan, alhamdu lillahi."

Baba Illa ya ce, "Ƙarewa ya yi."

Na kifa kaina a gwiwa. Ya Allah, ya Allah, abin da nake ta faɗi ke nan, na rasa sauran addu'ar.

Bayan azahar muka hango ta, tsaye a fili ita kaɗai, an ɗaure tamfol daga gefenta zuwa ƙasa. Ba abin da ke motsi. Muka matso, har yanzu ba motsi. Sai da direbanmu ya danna oda sannan tamfol ya ɗaga, mutane suka fara rarrafowa daga ƙarƙashin mota, leɓuna duk sun tsage. Ba wanda ya yi ihu, ba su da ƙarfinsa. Wata tsohuwa ce aka fara ɗauko mana, sai da aka jiƙa ƙyalle ana matsa mata a baki kafin ta iya haɗiya. Ina zuba ruwa a kofuna ina ƙirga kawuna a ɓoye. Na ƙirga sau uku. Ba wanda ya rasu.

Agali ne na ƙarshe da ya sha. Hannunsa na dama a naɗe yake da yankin rawaninsa. Ya ce tun Laraba da rana suke nan. Ya tsaya sallah ne, ya tuna da maganata, ya zagaya gaida aksil. Ya ɗora tafinsa gaba ɗaya, fatar ta zauna a jikin ƙarfen. Mutane suka yi ta roƙonsa ya ja ko yaya, ya ce ɗan Yauri ya ce a kashe mota. Shi ya riƙe ruwan kowa a duro ɗaya, kofi da safe, kofi da yamma. Ya nuna mini duron. Na leƙa, abin da ya rage bai kai tsawon yatsa ba.

Ya ce, "Kai ka cece ni, Tanko. Amma mi ya same ta? Ba sabon kaya ka sa ba?"

Baba Illa yana tsaye a gefe, ya kawar da kai yana kallon rairayi. Na gane ya bar mini ƙofa. In na ce robar ce jabu, ba wanda zai musa, garin cike yake da jabun kaya. Na shiga ƙarƙashin motar da filaya. Icen yana nan daram inda na buga shi, ya yi baƙi. Sai da na yi da gaske kafin ya fita. Na fito na sa masa shi a hannun hagu, na gaya masa komai, har da awa huɗun da na yi shiru. Mutane suna ji.

Ya daɗe yana juya icen. Ya dubi sandata da ke cikin mota, ya ga inda aka yanka. Sannan ya ce, "Don kada ruwa ya shiga ka sa?"

Na ce, "E."

"A garinku ruwa kuke tsoro?"

Na ce, "E, Malam Agali."

Ya juya ya dubi duron nan, ya dubi tsohuwar da ake yi wa fifita. Ya ce, "Allah ya kai ni garin da ake tsoron ruwa." Ya sa icen a aljihu ya ce in je in gyara masa mota.

Na gyara. Haƙoran sun canza launi don zafi amma ba su karye ba. Na sa boris, na sa roba, na cika mai, na mayar da murfin hanci da hannuna, Baba Illa yana zaune a kaina yana kallon kowace ƙusa. Muka raka su har rijiya ta gaba.

Shekara ɗaya na ƙara a Agadas. Yatsun Agali biyu ba su sake lanƙwasuwa daidai ba, da hagu ya koma zuba shayi. Bai sake ba ni motarsa ba, ko giris bai bari in sa mata. Shayi kuwa bai taɓa hana ni ba, kullum sai na ga kofin ya leƙo ƙarƙashin motar da nake ciki.

Da na dawo Yelwa na ba Baba Gado labari. Ya ce shi ma haka ya tarar ana yi. Yanzu a garejina ba a buga ice. Siririn tiyo nake ɗaurawa a hancin in ja shi sama har gindin bodi, mota ta shiga ruwa ta fito tana numfashi. Wasu direbobin har yau sai sun ce ban gama aiki ba tunda ba su ga ice ba, mu yi ta cacar baki.

Ran da zan baro Agadas na ce wa Agali ya zo Yauri, in kai shi Wara ya ga ruwan da ba a hango ƙarshensa. Ya ce in sha Allah. Bara da damina, tafkinmu na Wara ya cika har ya ci gonakin bakin gaɓa, na tsaya na ɗauki hotonsa na aika masa ta wayar ƙanensa. Bayan kwana biyu amsa ta zo, muryarsa ce, gajeriya. Ya ce ya gani. Ya ce icen yana nan a aljihun motarsa, kuma in na je bakin ruwan in sha kofi ɗaya a madadinsa, cikakke.